Dutsen da Rabaran Crake Ya Manta

Da zarar sanyi ya wuce hanya ta bushe, sai ka ga baƙi daga Landan suna saukowa daga keken doki a ƙofar cocinmu ta Oxlow, suna tambayar kabarin Rabaran Lemuel Crake. Su cire hula, su tsaya gaban allon marmara da aka manna a bango, su karanta inda aka rubuta wai shi ne Gatan Talaka. Daga nan wani ɗan shisshigi ya nuna musu ɗakina, ya ce ga tsohuwa Tabitha can, ita ta yi masa wanki har ya mutu. Su zo su cika mini ƙofa suna cewa, "Iya, ba mu labarin bawan Allah." Nakan ce musu yana son a sa wa kwalar rigarsa sitaci da yawa. Iyakar abin da nake faɗa musu ke nan, don in na saki baki, wanda ya zo da hawaye zai koma da amai. Amma ku, tunda ba furanni kuka zo ajiyewa ba, ku zauna ku ji.

Ranar da ya fara shigowa garin nan ina budurwa. Da ƙafa ya zo, siriri, wuya duk jijiya, kwat ɗaya da riguna biyu. Ɗan mai yin kyandir ne daga can gabas, aka ɗauke shi ya koyar a makarantar gari. Ba zan ci amanar gaskiya ba ko a kansa: mutumin ya iya koyarwa. Yana da duka, kuma yana da baki. 'Ya'yan manoma masu hali yana ɗura musu harshen Latin, ranar Lahadi kuma bayan sujada ya tara 'ya'yan irinmu ya koya musu karatu kyauta. A cikinsu har da ƙanena Enoch, wanda da Malam Crake zai ce masa wuta ruwa ce, da ya sa hannu ya ɗebo.

Mu a lokacin abin da ya raba mu da bara shi ne fadamar da ke ƙetaren rafi. Ta gari ce, kowa da haƙƙinsa a ciki. Mai saniya ɗaya ya kai ta can, mai agwagi ya kora su can, tsofaffi su tsinto ƙirare. Ba wata takarda da ta ce tamu ce, kuma ba mu taɓa jin muna bukatarta ba, saboda muna da zagayen iyaka. Kowace shekara, makonni kaɗan bayan bikin Ista, Rabaran zai shige gaba, gari duka ya bi shi, kowa da tsumagiya a hannu, a bi iyakar gari daga farko har ƙarshe. Duk inda aka iske alamar iyaka, ko itace ko dutse, a tsaya a yi addu'a, a zane shi da tsumagu. Sannan a kama yaro ɗaya a juya shi ƙafafu sama, a ƙwala kansa a jikin alamar, a ba shi ɗan burodi ya share hawaye. Yaron da aka ƙwala wa kai ba ya manta wurin, ko ya tsufa haƙora sun zube. In rigima ta tashi, shi ne shaida.

Alamar ƙarshe, can a ƙurewar fadama, wani dutse ne mai ruwan toka da ya ranƙwafa gaba, muna ce masa Tsohuwa. Yana da wani tsini a gefe, shi kuma muna ce masa haɓar Tsohuwa. A shekarar da layi ya zo kan Enoch, Rabaran na wancan lokaci ya tsufa, sai Malam Crake ya karɓi aikin. Shi ya kama ƙafar dama, Jethro mai jinkar ɗaki ya kama ta hagu. Malam da zumuɗi ya lilo yaron da ƙarfi, goshi ya haɗu da haɓar nan, sai jini. Uwarmu ta ƙwalla ƙara. Malam ya durƙusa cikin taɓo, ya ciro hankicinsa ya ɗaure wa Enoch kai, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Enoch Marl," ya ce, "daga yau kai ne takardar garin nan. Duk ranar da wani ya ce fadamar nan ba ta Oxlow ba ce, ka ɗaga gashin goshinka kawai."

Yaron nan yana kuka yana dariya. Hankicin kuwa ni na wanke shi na mayar, kuma shi ne wanki na farko da na yi wa Lemuel Crake.

Zamanin ne masu ƙasa suka fara kewaye makiyayun garuruwa da shinge, suna cewa nasu ne. Malam ya zauna a ɗan ɗakinsa mai yoyo ya rubuta wani ƙaramin littafi, ya sa masa suna Kukan Mai Saniya Ɗaya. Kai, littafin nan ya yi tafiya! Aka karanta shi a gidajen giya, aka karanta shi a bakin maƙera, har aka ce an ambaci sunansa a majalisa ana zaginsa. Enoch ya haddace shi tun daga bango har bango. Da ya girma ya auri Keziah, suka sayi jar saniya, yakan tatse ta yana karanto mata shi, wai ita ma ta san 'yancinta.

To, a garinmu mai ƙasa shi ne Sa Ralph Denholt na Babban Gida, kuma ba wawa ba ne. Bai aika a doki Malam ba, bai kore shi ba. Ya jira har tsohon Rabaran ya mutu. Naɗa sabo a hannunsa yake tun kaka da kakanni, sai ya aika aka kira Malam Crake cin abinci. Ban san abin da aka faɗa a teburin nan ba. Na dai san Malam ya shiga da kwat mai faci, bayan wata biyu aka naɗa shi, ya tare a gidan Rabaran mai hawa biyu, da lambu, da doki, da rabon hatsin kowane manomi. Gari ya yi ta murna, ana cewa namu ya samu. An manta cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mai wanki ta riga kowa sanin mutum. Shekara ba ta zagayo ba na fara ƙara ƙyalle a ƙugun wandonsa. Gaban rigunansa kullum romon naman alade ne da jan giya, sai na jiƙa su kwana guda kafin su saki. Na sha kai wanki in tarar da shi a tebur, maiƙo yana bin haɓarsa, yana tsotsar ƙashi yana yi wa mai dafa abinci faɗa wai ta ba almajiran hanya ɓawon burodi, tana koya musu lalaci. Rubutu kuwa bai fasa ba, sai ma ƙaruwa. Littafi na biyu ya ce shinge alheri ne ga ƙasa. Na uku ya ce talakan da ke da saniya ba ya son aiki, gara a raba shi da ita ya san darajar ƙwadago. Enoch ya tare shi a ƙofar coci da na ukun a hannu.

"Malam, wannan kai ka rubuta?"

"Rabaran ake cewa yanzu, Marl."

"Rabaran, kai ka rubuta?"

"Ni ne. Da ƙuruciya mutum yana rubutu da zuciya, in ya girma sai ya yi da hankali."

Keziah tana gefe ta ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, "Wani kuma da tumbi."

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai, domin da ƙafafunmu muka yi shi. Wata shekara aka fito zagayen iyaka, aka zo gadar rafi, inda za a ƙetara a shiga fadama. Sai Rabaran ya tsaya yana yamutsa fuska, ya ce ciwon ƙafarsa ya tashi, ba zai iya taka taɓo ba, bana a yi addu'ar a nan, a zane ginshiƙin gada a madadin Tsohuwa. Daidai nan kuma, ka ji ikon Allah, sai ga barorin Babban Gida sun ɓullo da amalanke, an ɗoro gangar giya da burodi mai zafi da cuku, wai gaisuwar Sa Ralph ga mutanen gari. An sha tafiya tun safe, maƙogwaro ya bushe. Kowa ya yar da tsumagiya ya miƙa kofi.

Enoch kaɗai ya tsaya a kan gada. "Jama'a, ba mu kai wurin Tsohuwa ba fa!"

"Ka gaishe ta in ka je," in ji wani.

"Ai shi tsohuwar budurwarsa ce, ita ta yi masa tambari a goshi!"

Aka kwashe da dariya. Jethro ma, da hannunsa ya riƙe ƙafar yaron a wancan lokaci, cewa ya yi, "Haba Enoch, dutse ne fa, ba ƙafa gare shi ba. Baɗi ma je." Enoch ya ƙetara shi kaɗai ya je ya zane dutsen ya dawo, ya tarar an kama wani ɗan yaro an ƙwala kansa a ginshiƙin gada, ana tafi. Baɗi ƙafar Rabaran ta sake tashi, amalanke ya sake zuwa. Haka aka yi ta yi har yaran da aka ƙwala wa kai a gada suka fitar da gemu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tir da mu, mun sha fadamarmu a kofi.

Da abin ya nuna, Sa Ralph ya kai takarda majalisa cewa fadamar ba cikin Oxlow take ba, cikin ƙasarsa ta garin maƙwabta take, don haka mutanen Oxlow ba su da ko ciyawa ɗaya a ciki. Aka turo wasu manya su saurari shaidu a babban ɗakin masaukin baƙi. Ana gobe za a zauna, Enoch ya je duba Tsohuwa, ya tarar babu ita, sai rami da aka cike da sabuwar ƙasa. Ya dawo fuska fara fat, amma ya ce mini, "Yaya, kada ki damu. Ko sun sace dutse, ai ba su sace goshina ba. Kuma Malam yana nan."

Har a ranar Malam yake ce masa.

Aka fara da samari. Kowanne ya dafa Littafi Mai Tsarki ya ce a gada aka ƙwala masa kai, kuma ba ƙarya suka yi ba. Jethro ya riga ya mutu. Sauran tsofaffin suka yi ta in'ina, don yawancinsu a gidajen Sa Ralph suke haya. Sai Enoch ya miƙe, da rigarsa ta zuwa coci, ya faɗi labarin ranar nan tiryan-tiryan, ya ɗaga gashin goshinsa ya nuna tabon. Babban cikin manyan da aka turo ya sa tabarau ya leƙa, na ga alamar abin ya shige shi. Ya ce, "Wa ya riƙe ka?"

"Ga shi nan zaune, ranka ya daɗe. Rabaran Crake ne."

Aka juya wurin Rabaran. An ba shi kujera mai laushi, ƙafa a kan matashi, farar kwalar da na goge da hannuna tana ƙyalli a wuyansa. Ya dubi Enoch da wani irin tausayi na ƙarya. Ya dafa Littafin.

"Tabon nan na san shi," ya ce, "domin ni na yi masa. Amma ba a jikin wani dutse ba. A aji ne, da gefen allo, ranar da na kama shi yana yi mini ƙarya. Na yi fatan dukan zai raba shi da halin. Ga shi kuna gani bai raba shi ba. Dutse kuwa, ni ban tuna da wani dutse a ƙetaren rafi ba."

Na miƙe na ce ni na wanke hankicin, aka ce mace ta zauna, ba a kira ta ba. Enoch bai yi gardama ba, bai yi zagi ba. Hannunsa yana nan a goshi ya manta bai sauke ba, yana kallon mutumin da ya koya masa baƙi da wasali, bakinsa a buɗe. Wani daga baya ya yi dariya.

Kafin kaka an kafa shinge. Enoch ya ɗaure jar saniya a bayan ɗaki yana yanko mata ciyawar bakin hanya, har ta rame ƙasusuwa suka fito, ya sayar wa mahauci. Wannan da sauƙi. Abin da ya kore shi daga gari shi ne suna. Mutanen da suka sha giyar gada sun fi son a ce Enoch maƙaryaci ne da a ce su wawaye ne, sai yara suka fara binsa suna kiran "Gefen Allo". Ya kwashi Keziah da 'ya'yansu suka tafi arewa, garin masaƙu, inda hayaƙi ya rufe rana.

Ba a daɗe da tafiyarsu ba na kai wanki gidan Rabaran, na ga an ajiye wani dutse a bakin ƙofa. Tumbi ya hana shi hawa doki, sai Babban Gida ya aiko masa da matakala. An kwantar da shi, an sassaƙe bayansa ya yi lebur, amma ruwan tokar nan da tsinin nan na gefe, ko a mafarki na san su. Kwandon ya kusa kuɓuce mini. Rabaran ya fito, ya taka Tsohuwa da takalminsa, ya yi nishi ya haye doki, ya ce mini, "Tabitha, sitacin makon jiya bai isa ba." Na faɗa wa duk wanda zai saurara. Wasu suka ce duwatsu suna kama da juna, wasu suka ce ko shi ne ma me zai ƙara, shinge ya riga ya yi ganye. Enoch kuwa ban san ma unguwar da yake ba, balle in aika masa.

Rabaran ya yi tsawon rai, irinsu ai ba sa saurin tafiya. Ya rubuta a kan yaƙi, ya rubuta a kan farashin hatsi, duk inda Babban Gida ya karkata nan alƙalaminsa yake karkata. A bakin tebur ya mutu, da cokali a hannu, fuskarsa cikin kwanon miya. Rigar da aka cire masa ma sai da na sha fama da ita. Bayan an binne shi kuma sai iska ta juya a Landan, tausayin talaka ya zama abin yayi. Wani ya tono Kukan Mai Saniya Ɗaya ya sake bugawa. Sauran littattafan, masu yawan, ba mai karanta su, an daɗe da naɗe cuku da su. Sai aka tara kuɗi aka yi allon marmara, 'ya'yan Sa Ralph suka fi kowa bayarwa. Dutsen ƙofar ma ya samu rabonsa: wai a kansa bawan Allah yake zama yana tunanin halin talakawa. Na ga wata mata da safar hannu tana shafa shi tana share ido.

Bara waccan Enoch ya dawo. Keziah ta mutu, 'ya'yan sun watse, ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Ƙanena ne amma ka ce ubana. Na shimfiɗa masa kusa da murhu, na dama masa kunun hatsi, da ya ɗan samu numfashi na ce, "Enoch, na ga Tsohuwa. Tana ƙofar gidan Rabaran."

Ya girgiza kai. "Bari, Yaya."

"In bar me? Na ce maka na gan ta!"

"Na yi ta tunani a can," ya ce, yana tari. "Ina yaro a lokacin. Wataƙila wani aka ƙwala wa kai, ni kuma na gani na ɗauka ni ne. Yaro yakan yi haka. Malam ya dafa Littafi fa, Yaya. Mutum kamarsa zai dafa Littafi ya yi ƙarya saboda ni? Wataƙila allon ne."

Na rantse muku, ko ranar da aka kafa shinge ban ji abin da na ji a lokacin ba. Fadama dai ƙasa ce. Amma a shiga kan mutum a sace masa ranar da ya fi alfahari da ita a duniya, a bar shi shekara da shekaru yana zargin kansa! Da safe na sa masa kwat, na ba shi sanda, na ce tashi.

Muka tafi a hankali, muna tsayawa yana hutawa. Sabon Rabaran ba ya gida, sai wasu baƙi biyu a tsaye suna kallon dutsen, huluna a hannu. Enoch ya tsaya gaban dutsen ya daɗe. Sannan ya saki sandar, ya durƙusa da ƙyar, ya bi gefen da yatsa har ya iske tsinin. Ya ture farin gashinsa baya, ya sunkuya ya ɗora goshinsa a wurin. Haɓar Tsohuwa ta zauna cikin tabon daidai, ba ragi ba ƙari.

Ɗaya daga baƙin ya raɗa wa ɗan'uwansa, "Dubi yadda talakawa suke ƙaunarsa har yanzu."

Enoch bai ji shi ba. Ya ɗago, hawaye na bin kumatunsa, ya ce, "Yaya, ashe ban yi ƙarya ba."

Na ce, "Ba ka yi ba, ƙanena." Na ɗaga shi, na kakkaɓe masa gwiwa, muka juya gida. Hanyar ta bi ta gefen shinge, ana hango shanun Babban Gida suna kiwo a fadama. Enoch bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba.